Mun kama ɗalibai da shishar aljihu, korar su ce mafita?

"Assalamu alaikum Malama. Ni ne malamin ladabtarwa a wata sakandare mai zaman kanta ta jeka-ka-dawo a nan cikin Kano. A zangon nan mun kama yara huɗu 'yan aji biyar a banɗaki da abar nan da ake zuƙa, shisha fen, mun kuma ga wata a jakar wata yarinya 'yar aji uku. Mun zane su a asambili, mun kira iyayensu, mun fara caje jakunkuna a bakin get. Amma har yau ana jin ƙamshin a banɗaki. Mai makarantar ya ce duk wanda aka sake kamawa a kore shi kawai. Wani uba kuma ya ce mun cika tsanani, ai tururi ne mai ƙamshi, ba sigari ba ce. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma me za mu yi abin ya ragu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin a kai ga rubuta takardar kora. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko maganar uban nan tana da tushe, sannan tunda bulala da caje ba su kashe abin ba, ko kora za ta kashe shi. Ni dai a ganina uban bai yi daidai ba, mai makarantar ma bai yi daidai ba. Aikina ba wa ɗaliban sakandare shawara ne, na zauna da yaran da aka kama da abar nan, na zauna da iyayensu. Zan gaya maka abin da bincike ya tabbatar da abin da idona ya gani, in kuma riƙa bambance maka su.

## Abin da ke cikinta

In ka fasa guda ɗaya za ka tarar da ɗan batir, da wani siririn zaren ƙarfe a nannaɗe, da auduga jiƙe da ruwa mai yauƙi. Da yaro ya zuƙa, batir ya ɗumama zaren, ruwan ya tashi kamar hayaƙi. Ruwan haɗi ne na gilisarin da wani sinadari ɗan'uwansa, da kayan ƙamshi irin su mangwaro, kankana, inibi da na'ana'a, sai nikotin. Nikotin ɗin nan shi ne dai na cikin sigari, shi ne abin da ke hana mashayi daina sha.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin wadda muka sani a 2003, kuma shi kansa mashayin sigari ne da ke neman hanyar rabuwa da ita. Har yau mafi yawan na duniya daga birnin Shenzhen suke fitowa. Inda lamari ya sauya shi ne 2015, da wani kamfanin Amurka ya fito da Juul, wata 'yar ƙarama mai kama da filashin kwamfuta. Sun sarrafa nikotin ɗin yadda ba ya ƙona maƙogwaro ko da an zuba shi da yawa. Ka tuna yadda yaran da suka saci karan sigari a da suke ƙarewa: tari, ƙwalla, jiri, warin da uwa za ta ji tun daga soro. Wannan wahalar ta mayar da yara da yawa baya tun a zuƙar farko. Yanzu an cire ta, an sa ɗanɗanon alawa a madadinta. A 2019 binciken gwamnatin Amurka ya nuna kashi 27.5 cikin 100 na 'yan babbar sakandare sun zuƙa a cikin kwana 30 kafin a tambaye su.

Ɗauko waɗanda ka ƙwace ka duba jikinsu. Yawancin waɗanda suka biyo ta hannuna an rubuta 5%, wato miligiram 50 na nikotin a kowace mililita ta ruwan. A Ingila doka ba ta yarda a wuce miligiram 20 ba, ka ga abin da ke aljihun ɗan aji biyar ɗinka ko babban mutum ba a yarda a sayar wa a can ba. Kamfanin Juul da kansa ya ce ɗan ƙoƙon da ake zuba ruwansa, wanda bai cika mililita ɗaya ba, daidai yake da kwalin sigari mai kara 20. Manyan da ake yayi yanzu, masu rubutun zuƙa dubu kaza, wasu ruwansu ya haura mililita 10. Sannan kara yana ƙarewa a jefar, wannan kuwa babu inda take ce wa yaro ya isa. Yana iya kwana da ita a cikin bargo.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke jan linzamin son rai shi ne na ƙarshen nuna. Shi ya sa sabo yake kama ɗan shekara 15 da sauri fiye da babba. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi, amma cikin kimanin awa biyu rabinsa ya bar jini. Yi lissafi da jadawalinku. Yaron da ya zuƙa a lungu kafin ya shigo get da safe, kafin a fita tara jikinsa ya fara nema. Sai ka ga ya kasa zama wuri ɗaya, yana hamma, yana neman faɗa da na kusa da shi, can ya ɗaga hannu zai zaga. Minti biyar ya dawo garau. Ƙamshin da kake ji a banɗaki ke nan.

A yi wa uban nan adalci a wuri guda. Hukumomin lafiya na Ingila suna cewa babban mutumin da ya riga ya kamu da sigari, in ya koma wannan gaba ɗaya, cutarwar ta ragu, domin babu ƙonawa, babu kwalta. Amma ɗansa ba mashayin sigari ba ne. Daga iska mai kyau ya taso. Kuma ba tururin ruwa ba ne: an samu ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma da nikel a cikin hayaƙin, kuma in zaren ya yi zafi da yawa yana haifar da sinadarai masu guba. Mai asma kuwa, ga ƙurar hunturu ga wannan, ba sai an faɗa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wadda aka sake ɗura wa ruwa, tana yawo hannu zuwa hannu. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 da ciwon huhu, 68 suka mutu, kuma akasarinsu ruwan wiwi ne da aka gauraya da wani mai suka zuƙa. A 2024 masana a Jami'ar Bath ta Ingila sun gwada kusan guda 600 da aka ƙwace a makarantu, suka tarar kusan ɗaya cikin shida na ɗauke da wiwin roba, dangin abin da samarinmu ke kira kolorado. Yaron da aka miƙa wa a banɗaki ba ya tambayar me aka zuba.

## Dalilin da bulala da caje ba su ci ba

Yaran da ka kama ba iri ɗaya ba ne, ko da a banɗaki ɗaya ka same su. Mafi yawa 'yan ɗanɗane ne. Aboki ya miƙa, an ce a yi zobe da hayaƙi a ɗauka a waya a sa a Snapchat, ba sa son a ce musu 'yan ƙauye. Waɗannan magana mai kyau da ido a kansu sun isa. Kaɗan daga ciki sun kamu, kuma su ko ka karya bulala goma a jikinsu gobe jikin zai sake nema. Sai kuma mutum ɗaya ko biyu da ba ka cika kamawa ba, domin sun fi sauran wayo: masu kawowa. Abin da na sha gani shi ne yaro ya sayi guda ɗaya, ko ya ɗauko ta yayansa, ya riƙa ba da haya, zuƙa kaza a kuɗi kaza daga kuɗin tara. Kafin ruwan ya ƙare ya mayar da kuɗinsa har da riba. Shi kuma yana samowa ne daga wani shagon kayan waya ko na turare, ko wurin masu tallatawa a WhatsApp da Instagram, ɗan aike ya kawo har bakin layi.

Da kuka zane su a asambili, ina kyautata zaton an ɗaga abar sama an nuna wa kowa. To 'yan aji ɗaya da ba su taɓa ganin ta ba sun gani, sun ga kalarta, sun kuma ga manyan yaran da suka shanye bulala ba su yi kuka ba. Talla ce kyauta. Abu na biyu da ya fi wannan muni, kun rufe bakin kowa. Yarinyar da ta san wanda ke kawowa ba za ta faɗa ba, don ba ta son a ce ita ta jawo aka tozarta wani. Yaron da yake son dainawa ya kasa, ba zai zo ofishinka ba.

Caje kuwa yana da amfani kaɗan, amma kada ka dogara da shi. Abar tana shiga safa, hannun riga, ƙarƙashin hijabi, ƙasan kular abinci. Wata ma ba ta bi ta get sai sau ɗaya: tana zaune a saman katangar banɗaki ko cikin silin, kowa ya san wurin ban da malamai. In za a caje 'yan mata, malama mace ce za ta yi, a keɓe, da wata malamar a matsayin shaida. Kada a sassauta wannan ko sau ɗaya.

Kora fa? Yaron da ka kora ɗayan biyu ne. In iyayensa masu hali ne, cikin sati biyu yana wata makarantar da abarsa a safa. In ba su da hali, yana majalisar unguwa daga safe zuwa dare, inda abin da ake miƙawa ya wuce nikotin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Mu a Kano ba baƙin wannan ba ne. Mun ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kuma binciken ƙasa na 2018 ɗin ya ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na mutanen jihar masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa wani abin maye a cikin shekara guda. Cikin wannan kake sakin ɗan shekara 16. Ban da haka, duk inda hukunci ya zama kora kai tsaye, malami mai tausayi zai gani ya kau da kai, uba zai rantse ba ɗansa ba ne, abokai za su rufa wa juna asiri. Sai rajista ta nuna babu matsala, banɗaki kuma yana ƙamshin kankana.

Ban ce a cire kora daga littafi ba. A ajiye ta ga wanda aka gargaɗa a rubuce ya ci gaba da sayarwa, da wanda ke ba ƙananan aji, da wanda aka samu da abin da ya wuce nikotin. Mai makarantar kuma, sunan makarantarsa yake karewa, kuma yana da hujja. Ka nuna masa cewa iyaye sun fi natsuwa da makarantar da ta kira su ta ce ga matsala ga tsarinmu, a kan wadda za su ji labarinta a gidan biki.

## Ta inda za ku fara

Ku fara da sanin girman abin. A raba wa kowane aji 'yar takarda babu suna, tambaya uku ko huɗu: ka taɓa zuƙa, ka zuƙa a watan nan, a ina aka fi yi, a ganinka mutum nawa ne ke yi a ajinku. A jefa a kwali, wanda yaran suka yarda da shi ya tattara, ba kai ba, Malam, kada ka ji haushi. A inda na yi wannan, yara suna ɗauka rabin aji na yi, alhali masu yin ba su kai haka ba ko kusa. Ka mayar musu da adadin nasu na gaskiya. Yaron da ya gane cewa masu ƙi sun fi yawa ya samu ƙafar tsayawa.

Sai doka a rubuce, mai hawa-hawa, wadda uba da ɗa za su sa wa hannu a farkon zango. Kamun farko: a ƙwace, a kira iyaye cikin sirri, yaro ya yi zama uku ko huɗu da mai ba da shawara. Na biyu: a ƙara da wani aiki a cikin makaranta da ganin likita. Mai sayarwa hanyarsa daban tun daga farko. Dokar ta hau kan kowa. In maigadi yana busa sigari a bakin get, ko direban motar makaranta, ko wani malami a bayan ɗakin gwaje-gwaje, yara sun gani kafin kai. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana shan taba a makarantu, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai 18 ba. An yi ta ne domin sigari da sauran kayan ganyen taba, amma ta ishe ka abin kafa hujja da ma'aikata da masu shagunan kusa.

Daga nan ku bi wuri da lokaci. Banɗaki a tsakiyar darasi, bayan an tashi lokacin da ake jiran ɗan sahu ko direba, tazarar da ke tsakanin tashi da lesin, kujerar baya ta motar makaranta. A sa malamin duti ya riƙa zagayawa ba a kan lokaci ɗaya ba. Kowane aji ya samu katin fita guda ɗaya, kada mutum uku su fita tare. Wasu makarantun Amurka suna saka na'urar da ke shinshino hayaƙin, amma tana da tsada, tana son wuta da intanet ba yankewa, kuma yara sun koyi busawa cikin riga. Kyamara a banɗaki kuwa haramun ce, kada ma a kawo zancen. Wadda ta fi kowace na'ura ita ce baba mai shara. Ita ke tsintar waɗanda suka ƙare, ta san banɗakin da aka fi yi da lokacin. A ja ta a jiki, a kuma rufa mata asiri.

## Abin da za a gaya wa yara, da wanda zai faɗa

Kada a tara su a rana a nuna musu hoton ruɓaɓɓen huhu a ce duk wanda ya zuƙa zai mutu. Yaron yana kallon abokinsa da ya shekara yana yi, kuma shi ne mai cin ƙwallo a filin makaranta. Daga ranar ya daina yarda da kai, har a kan abin da ka faɗa na gaskiya. Amurka ta kashe kuɗi mai yawa shekara da shekaru tana tura 'yan sanda azuzuwa su yi wa yara lacca kan ƙwaya, bincike ya zo ya nuna abin bai sauya halin yaran ba.

Abin da ya fi ci shi ne na bakin tsara. A Ingila da Wales an gwada wata hanya a makarantu 59, aka fitar da sakamakon a 2008. An tambayi yara 'yan shekara 12 zuwa 13 su wa suke jin maganarsu a cikinsu, aka horar da waɗanda aka fi ambata, aka bar su su riƙa zancen a hirarsu ta yau da kullum. Masu fara shan sigari suka ragu. A kan sigari aka yi shi, kuma a wata ƙasa, amma dabarar tana aiki a nan gwargwadon abin da na gani. Sai dai ka lura, wanda yara za su zaɓa ba lallai ya zama hedibo ko amir na ƙungiyar ɗalibai Musulmi ba. Sau da yawa kyaftin ɗin ƙwallo ne, ko yarinyar nan mai surutu da malamai ba sa so. A yi haƙuri a ɗauke su. Akwai kuma shirin Unplugged mai darasi 12, wanda ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kawo makarantun Najeriya tare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Yana koya wa yaro yadda zai ce a'a ba tare da ya rasa abokai ba, kuma ya cancanci ku neme shi.

Zancen da na ga yana shiga kunnen samari shi ne na kuɗi da na rainin hankali. Ka sa su lissafa abin da mai zuƙa ke kashewa a wata. Ka tambaye su, in don manya masu son barin sigari aka yi ta, me ya kawo ɗanɗanon cingam da kalar kayan wasa? Saurayin Kano zai jure a ce masa abu na da haɗari, har ma ya ji daɗi. Abin da ba ya jurewa shi ne a ce wani ya mayar da shi saniyar tatsa.

Malaman addini na makarantar su shigo, amma a zauna da su tukuna a nuna musu abar. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa ya wadatar, kuma yara da yawa ba su san zuƙar tana karya azumi ba, suna ɗauka tunda ba taba ba ce babu komai. Wanda ya kamu dai ya riga ya san ba daidai yake yi ba. Ƙofar tuba yake nema, tsinuwa ba za ta ƙara masa komai ba.

## Yaron da ya riga ya kamu

A nan aikin yake, kuma a nan makarantu suka fi gazawa. Ina gane shi da tambayoyi kaɗan, a ɗaki, ba a gaban uba ba. In ka tashi da asuba, kafin ka yi alwala kake nemanta ko sai an jima? Kana farkawa cikin dare don ita? Ka taɓa cewa ka daina, ka koma? Wanda ya sunkuyar da kai a tambayar farko ya kamu.

Sai mu sa rana, shi zai zaɓa, ya kawo abar da cajarta da hannunsa. Ina gaya masa gaskiyar abin da zai ji: kwana ukun farko zuwa sati su ne masu zafi, ciwon kai, saurin fushi, rashin barci, cin abinci kamar ba gobe, sannan ya riƙa sauƙi cikin sati biyu zuwa huɗu. Ƙishirwar abar tana zuwa ne ta wuce cikin 'yan mintuna, don haka dabarar ita ce a samu abin yi a mintunan: ruwan sanyi, cingam, asuwaki, fita a zaga fili. Ina sanar da malamin ajinsu cewa in ya ɗaga hannu, ofishina zai zo, ba banɗaki ba. In ya koma ya zuƙa, ba a rushe komai ba, a sake sa rana. Azumi dama ce babba, tunda yana yin kimanin awa 13 babu ita, sai dai a tsare bayan shan ruwa da bayan asham, nan ne ake rama bashi.

Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2024 ya bi matasa 'yan 13 zuwa 17 masu son dainawa. Waɗanda aka riƙa tura wa saƙon ƙarfafa gwiwa ta waya, kusan kashi 38 cikin 100 sun daina bayan wata bakwai, waɗanda ba a tura wa ba kashi 28. Ka ga 'yar magana kullum tana da tasiri, ka kuma ga ko da taimako fiye da rabi ba su daina a karon ba. Kada mai makarantar ya sa ran gama komai a zango ɗaya.

Ni ba likita ba ce, kuma akwai inda hannuna yake tsayawa. Yaron da ke ciwon ƙirji, ko numfashinsa ke sarƙewa, ko ya yi amai da jiri, ko ya suma, ko ya fita hayyacinsa bayan zuƙa, asibiti za a kai shi nan take tare da abar. Cingam ko filastar nikotin da ake sayarwa a kemis, likita ne zai ce a ba ɗan ƙasa da 18, ba malami ba. Wani yaron kuma zuƙar rufi ce a kan wata damuwa, rabuwar iyaye, ko rasuwa, ko cin zali. Irin wannan akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Iyaye suna jin sunan Dawanau su ɗaure fuska, don haka nakan ce su fara da likitan da suka saba gani, shi ya tura su.

## Iyaye da bayan get

A taron iyaye da malamai, kada ka yi dogon jawabi. Zuba waɗanda ka ƙwace a faranti, a zaga da su hannu zuwa hannu. Na ga wata uwa ta ɗauki wata shuɗiya mai hoton inibi, ta juya ta, ta shinshina, ta ce wallahi irinta tana kan durowar ɗanta kusan wata biyu, ita ta ɗauka turaren aljihu ne, har goge mata ƙura take yi. Wannan minti biyun ya fi duk abin da aka faɗa a ranar. Ka gaya musu abin lura: ƙamshin alawa a ɗaki babu alawa, abin da ake caji ba waya ba, kuɗin tara da ba ya isa, yawan shan ruwa da tari. Ka roƙi iyaye maza kada su yi hukunci a daren da suka ji, don dukan gida yana koya wa yaro ɓoyo ne kawai. Ka kuma taɓo zancen yayye, a hankali. Gida da yawa akwai tukunyar shisha a ɗakin samari, kowa ya sani, ba a magana.

Abin da ke bayan get ya fi ƙarfin makaranta ɗaya. Indiya ta hana sigarin lantarki, wato dangin shisha fen ɗin nan, gaba ɗaya a 2019, Ostareliya ta mayar da sayar da shi kantin magani kaɗai a 2024, Ingila ta hana irin wanda ake zuƙa a jefar daga Yunin 2025. A Amurka, bayan an ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019, aka matsa wa kamfanoni, aka yi ta wayar da kai, adadin nan na kashi 27.5 na ɗaliban babbar sakandare masu zuƙa ya sauko ƙasa da kashi 8 a 2024. Wannan aikin hukuma ne. Naku shi ne ku haɗa kai da makarantun da ke kusa, domin mai kawo muku shi ke kai musu, ku je wurin mai unguwa da limamin masallacin layin, a yi wa mai shagon da yara suka ambata magana ta mutunci tukuna. In kun ga alamar abin da ake ɗurawa ya wuce nikotin, wannan na NDLEA ne, a kan mai sayarwa. Kada a kira su don a tsorata ɗan aji uku.

Waɗanda ka ƙwace kuma, kada a mayar wa yaro ko uba. A rubuta kowacce a rajista da kwanan wata, malami biyu su sa hannu, don na san inda aka ƙwace da safe aka neme ta da yamma aka rasa, kuma ba ɗalibi ne ya shiga ofis ba. Batirin cikinsu irin na waya ne, yana kamawa da wuta. Kada ka bar su a durowa kusa da taga ko cikin mota a zafin Afrilu, kada kuma a zuba su a bolar da ake ƙonawa a bayan makaranta, fashewa suke yi. A sa su a gwangwanin ƙarfe da yashi a ciki, a ajiye a inuwa a kulle, in sun taru a miƙa wa masu karɓar matattun batiran waya.